Tsibin Namata

Malamin da ke koya mana karatun manya a Dogon Dutsi ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Abokan karatuna sun rubuta noma da farauta. Ni hanyar Kumasi zan rubuta, domin ita ta ci mini mutum.

Mu biyu muka tafi, ni da Namata ɗan gwaggona, a ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai. Tobashina ne, tun muna yara ba mu san wata magana a tsakaninmu ba sai zolaya. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, ba a kuma taɓa raba mana gardamar ba. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa.

A Gaya muka sami motar albasa. Direban ya rantse mana Jugu za shi, muka hau kan buhuna, muka ƙetare kogi muka shiga Dahome. Da muka kai Kandi ya ce kowa ya sauka a sha iska. Muna tsugune muna jiƙa gari muka ga motar ta juya ta bi wata hanya. Namata ya bi ta da kallo har ƙurarta ta kwanta, sannan ya dube ni.

"Warin jikinka ne ya kore shi, bawa. Albasa ma ta kai ƙara."

Daga nan ƙafa muka taka.

Sai na faɗi abin da ake kira tsibi a wurinmu, in ba haka ba labarin nan ba zai fahimtu ba. A ƙasarmu ta Arewa, idan mutum ya mutu a kan hanya, nan gefen hanyar ake binne shi, a tara duwatsu a kansa. Da farko don kura ake yi. Bayan haka duk wanda ya zo wucewa sai ya duƙa ya ɗauki dutse ya jefa a kai, ya ce, "Sannu da zama." Ba a tambayar ko danginka ne. Ba a kuma ɗaukar dutse daga tsibi, ko da kare ya biyo ka. Haka tsibi ke girma shekara da shekaru, kuma kowane da sunansa da labarinsa. Tsakanin ƙauyenmu da Lugu akwai tsibin Mai Gora, wata Bafillata da ta faɗi da gorarta a shekarar yunwa. Akwai tsibin Maƙeri. Wanda ya fi su girma shi ne tsibin Dari, kakan ubana. Shekarar da Nasara suka zo da bindigogi suka ƙone Lugu, harsashi ya same shi a cinya, mutane suka ɗauko shi suna gudu zuwa daji, ya cika a hannunsu. Ba su sami sukunin haƙa mai zurfi ba, suka rufe shi da duwatsu suka wuce. Yau tsibin ya kai ƙirjin mutum. Yaron da bai taɓa jin labarin yaƙin ba, a gindin tsibin nan yake fara jinsa, ranar da ya tambayi dalilin da ya sa uwarsa ta duƙa. Da tsibi muke kwatance. Ba ma cewa wuri kaza, sai mu ce gaba da Mai Gora, ko kafin ka kai Dari.

Da wannan hali muka shiga ƙasar mutane.

A bakin wani gari kafin Jugu muka tarar da wani dogon ginin siminti a gefen hanya, an shafe shi da farar ƙasa, an kewaye shi da sarƙa, da allon ƙarfe a jikinsa mai rubutu. Kowa ya gan shi ya san an yi shi ne don wani mamaci. Namata ya duƙa ya ɗauki dutse ya jefa, ya ce sannu da zama. Dutsen ya bugi allon ƙarfen ya yi ƙara. Kafin in jefa nawa wani gardi ya fito daga inuwa, ya kwashe Namata da mari, ya hau faɗa da harshen da ba mu ji. Ya riƙe wuyan rigarsa zai ja shi. Wani tsoho mai sayar da goro ya taso ya shiga tsakani, ya yi ta ba gardin haƙuri har ya sake shi. Ashe Bahaushe ne, sarkin zangon garin. Ya kai mu gidansa ya sa aka ba mu tuwon dawa.

"Ku 'yan ina ne da kuke jifan kabarin Bature da rana tsaka?"

Namata yana riƙe da kunci ya ce, "Baba, gaishe shi na yi."

Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya daina. Ya ce ya gane, mutanen Arewa ne mu. Ya ce Baturen da aka yi wa ginin shi ya tsaya a kan aikin hanyar nan, zazzaɓi ya kashe shi. Mutanen da aka kamo daga ƙauyuka aikin dole, suka fasa duwatsu suka ɗauki ƙasa a ka, sun mutu fiye da yadda za a tuna, babu wanda aka rubuta. Da la'asar ya zagaya da mu bayan zango, ya nuna mana wasu 'yan tudunni da ciyawa ta rufe, awaki na kwance a kai. Ya ce fataken goro ne na zamanin jakuna, waɗanda suka mutu a hanyar Gwanja. Ya san sunan biyu, sauran ya manta.

"Da ayari ke wucewa, kowa na jefa nashi. Yanzu mota ke wucewa. Wa zai ce direba ya tsaya don dutse?"

Muka jefa musu namu. Na ji maganar tsohon sarai, amma na ɗauke ta labarin mutanen da, ban ɗauke ta gargaɗi ba.

Muka wuce Jugu, muka ratsa Togo, muka shiga Gana ta Yandi. Wani wuri mota, wani wuri ƙafa. A Salga takalmin Namata ya tsinke, ya ɗaure shi da igiyar rama. A Yeji muka jira jirgin fito a cikin taron mutane da shanu. Abin da na fi tunawa shi ne yadda sama ta yi ta ƙanƙancewa muna gangarawa kudu. Itatuwa suka rufe ta. A gida mutum na ganin wanda ke zuwa tun yana ɗigo a nesa, a can kuwa sai ka yi karo da mutum kafin ka gan shi.

A tashar Kumasi wani mutum ya tare mu, da jin maganarmu ya rungume mu. Ya ce shi ɗan Tibiri ne, can wajenmu, ya ambaci Dumega da kasuwarta, bakinsa irin namu sak. Ya ce kada mu shiga gari da kaya a ka, ɓarayi sun yi yawa, mu kawo ya ajiye mana a shagonsa ya dawo ya kai mu masauki. Muka ba shi ƙunshinmu, da sauran garin hatsi da bargon da Gwaggo ta ba Namata. Muka zauna a inda ya bar mu har masu shara suka tashe mu. Har yau na gaskata ɗan Tibiri ne. Wannan ya fi mini ciwo a kan bargon.

Aikin da muka samu shi ne ɗaukar kaya a babbar kasuwa. Buhun 'ya'yan koko, buhun siminti, katako, duk abin da aka ɗora maka. Muna kwana a barandar wani shago tare da Zabarmawa da Mosawa. Ƙasar ba ta bushewa, ko ba a yi ruwa ba siminti na tsatso da sanyi. Abinci rogo ne da dokunu, wani tuwon masara mai tsami, ka ci cikinka ya cika amma ranka bai ƙoshi ba. Namata ya ce shi mafarkin fura yake yi, amma duk lokacin da ya kai ludayi baki sai in bayyana in shanye.

A zangon Kumasi akwai wata tsohuwa mai sayar da koko, ana ce mata Iya Ba'ara. Ranar da ta ji muna gardama a gaban tukunyarta ta ajiye ludayi ta dube mu.

"Ku ɗiyan wane gari ne?"

Muka faɗa mata. Ashe daga gefen Kieshe ta fito, can ƙasarmu, wani falke ya aure ta ya taho da ita tun kafin a haifi iyayenmu, ba ta sake komawa ba. Mijin ya mutu, 'ya'yanta sun fi jin Asante a kan Hausa. Ba ta tambaye mu sarki ko damina ba. Cewa ta yi, "Mai Gora tana nan?"

Muka ce tana nan.

"Maƙeri hwa? Dari hwa? Ya kai ina yanzu?"

Namata ya sa hannu a ƙirjinsa. Ta ce ita a ƙugu ta bar shi. Ta rufe ido ta jero tsibunan hanyar ɗaya bayan ɗaya, har da wasu biyu da mu ba mu sani ba, kamar mai tafiya a kai. Daga ranar ba ta ƙara karɓar ko kwabonmu ba. Wata rana ta samo hatsi wurin fataken shanu, ta dama mana fura da hannunta. Namata ya sha, ya juya baya don kada in ga fuskarsa. Ranar ban zolaye shi ba.

Tari ya fara masa da damina. Da farko ya ce ƙurar siminti ce. Ya ci gaba da ɗaukar kaya, yana ajiyewa a hanya yana hutawa, masu kaya suna zaginsa. Na riƙa ɗaukar nawa in dawo in ɗauki nasa. Iya Ba'ara ta dafa masa saiwoyi, na kai shi asibiti aka yi masa allura, ya ɗan ji dama ya koma. Wuyansa ya zama kamar na zabo. Wata safiya ya tofa yawu a ƙasa, ya sa ƙafa ya rufe, amma na riga na ga jan.

Ya ce, "Bawa, kai ni gida. Ban son in mutu inda ba a ganin sama."

Direbobi ba sa son mara lafiya. Da sun ji tarin sai su ce mota ta cika. Na koya masa ya riƙe numfashi har mu hau, ya zauna can baya ya sa tsumma a baki. Haka muka lallaɓa muka ƙetare Yeji, muka wuce Yandi, muka kai Jugu. A Jugu muka sami motar doya mai zuwa Kandi. Muna cikin tafiya da hantsi tarin ya taso masa ya ƙi tsayawa, jini ya ɓata masa gaban riga. Fasinja suka yi ta buga jikin mota har direba ya tsaya. Ban ga laifinsu ba, akwai mata da goyo. Aka sauke mu a tsakiyar daji, wani ya miƙo mana gorar ruwansa, motar ta tafi.

Na ja shi gindin wata kaɗanya a gefen hanya. Sama a buɗe take a wurin, ƙasar ja ce mai marmara, ta ɗan yi kama da tamu. Ya daɗe yana kallon sama.

"Nan ma ba laihi," in ji shi.

"Tashi mu tahi. Kandi ba nisa."

"Kai da ba ka san gabas ba sai an nuna maka." Ya huta. "Shekarau."

Bai taɓa kirana da sunana ba tun da muka yi wayo. Na ce na'am.

"Ka yi mini tsibi. Bakin hanya, inda mutane ka wucewa. Kada ka yi shi irin noman gonarka, rabi an yi rabi an bari."

"Wa zai ɓata duwatsu a kanka?"

"In Inna ta tambaya, ka samu abin hwaɗa mata."

Rana ba ta kai tsaka ba ya cika, kansa a cinyata.

Akwai ƙauye a bayan itatuwa, na gano shi da hayaƙi. Mutanen ba su jin Hausa ko kalma ɗaya, ni ma ban ji nasu ba. Na kama hannun wani magidanci na jawo shi har gindin kaɗanyar. Ya duba, ya koma, ya dawo da fartanya da maza biyu. Muka haƙa tare. Wata mata ta kwance sabon zanen da ke kanta ta ba ni na naɗe shi. Suka yi abin da suke yi wa matattunsu, na yi abin da na iya. Da suka mayar da ƙasa suka ga na shiga daji ina kwaso duwatsu, sai suka taya ni ba tare da sun san dalili ba. Muka tara har ya kai gwiwata. Na zaɓi manya na jera a ƙasa, ƙanana a sama, yadda ruwa ba zai rusa shi ba. Ban taɓa yin aiki da kyau kamar wannan ba.

Ban tafi nan da nan ba. Na zauna 'yan kwanaki a ƙauyen, suna ba ni doya, kullum ina tsaye a bakin hanya. Duk wanda ya zo wucewa sai in ɗauki dutse in jefa a gabansa, in nuna masa ya yi haka. Wata mai itace ta sauke kayanta ta jefa tana murmushi. Wani mai keke ya tsaya ya jefa biyu. Magidancin nan mai fartanya ya jefa da safe ya jefa da yamma. Na ce a raina abin ya kama, tsibin zai ci gaba da kansa kamar na gida. Ban gane tausayin baƙo suke ji ba, suna yi ne don ina tsaye.

Kusa da kaɗanyar akwai farin dutsen siminti mai jan kai, irin wanda ake kafawa a gefen babbar hanya, da rubutu a jikinsa. Na jingina da shi sau da yawa. Ban sa kowa ya karanta mini ba. Ban kuma tambayi sunan ƙauyen ba. A wurinmu tsibi ke ba wuri suna, na ɗauka nan gaba kowa zai ce wajen tsibin Baƙo, ko tsibin Bahaushe.

Da na iso gida labari ya riga ni. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta yi kuka a gabana ba. Da mutane suka ragu ta kira ni.

"Ka yi mishi tsibi?"

"Na yi, Gwaggo."

"Bakin hanya?"

"Bakin babbar hanya. Mutane ba su yankewa."

"Ya kai ina?"

Na nuna gwiwata. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ba shi kaɗai ba ne."

Da wannan ta rayu. Kowace kaka idan an gama girbi sai ta kira ni, ta taɓa jikinta ta ce, "Yanzu ya kai nan." Wata shekara cinya, wata shekara ƙugu. Tana cewa babbar hanya ta fi tamu mutane, nasa zai riga na Dari girma. Ni ma na yarda da haka. Idan na wuce Mai Gora na jefa dutse sai in ji kamar wani a can yana jefa wa Namata a daidai lokacin.

Da idon Gwaggo ya fara mutuwa ta ce ba ta so ta tafi babu dutsenta a kan ɗanta. Kowane baƙo ya jefa, uwar da ta haife shi ba ta jefa ba. Ta ɗauko ɗan dutsen niƙanta, wanda ta yi shekaru tana niƙa masa hatsi da shi har ya yi sulɓi ya ɗauki siffar tafinta. Ta naɗe shi a tsumma ta ba ni. Ta ce in ɗora shi a can sama, in kuma auno mata tsayin tsibin da jikina.

Na bar gona a hannun ƙanena na koma Dahome. Daga Kandi na hau motar Jugu, na zauna a gefe ina duban hanya. Da muka shiga jar ƙasar nan na buga mota na sauka.

Hanyar ba ita ba ce. An faɗaɗa ta, an sare itatuwan gefe biyu, kututture kawai suka rage. A bakinta kuma ga tsibin duwatsu, gabansa wani, gabansa wani, a jere har inda ido ya tsaya. Na ce wace irin annoba ce ta faɗa wa ƙasar nan. Na duƙa na jefa wa na farko dutse na gaishe shi, na jefa wa na biyu. A na uku na hango leburori a gaba suna ɗibar wani tsibin da shebur suna watsawa a kan hanya.

Shugaban leburorin mutumin Dandi ne, yana jin Hausa. Ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba.

"Ka ce akwai farin dutse kusa da wurin. Lamba nawa ke jikinsa?"

"Na gan shi, amma ban san abin da anka rubuta ba."

"Sunan ƙauyen fa?"

Na ce shi ma ban tambaya ba.

Ya ce da na riƙe lambar da ya kai ni wurin ko da an tuge dutsen, don duk a rubuce suke a wurinsu. Ya sa ni a motar aikinsu muka bi hanyar sama da ƙasa. Kowane kututture kaɗanya ne a idona. Ya tara leburorinsa ya tambaye su. Wani dattijo a cikinsu ya ce tun bara ake kwasar duwatsun gefen hanya, kuma duk inda suka tarar da su a tare nan suke farawa, don ya fi sauƙi. Ya ce ya tuna ɗaya da aka jera da kyau, manya a ƙasa, bai wuce gwiwa ba, amma ba zai iya cewa ga wurin ba.

Bai wuce gwiwa ba. Wannan kalma ta fi komai zama mini.

Shugaban ya ce, "Ka yi haƙuri, malam. Ba mu san na mutum ba ne."

Ya haɗa ni da wani lebura mai jin harshen ƙasar, muka bi ƙauyukan ɗaya ɗaya. Kowane ƙauye ya taɓa binne baƙo. A wani aka nuna mini wuri, aka ce mai ido ɗaya ne. A wani aka ce tsoho ne mai jaki. Na ga wani magidanci da na yi zaton shi ne mai fartanya, na riƙe hannunsa ina kallonsa yana kallona, ya ce ta bakin leburan shi bai san ni ba. Wataƙila shi ne, wataƙila ba shi ba ne. Na yi ta yawo har guzurina ya ƙare.

Ranar da zan juyo na kwance tsumman na tsaya a gaban ɗaya daga cikin tsibunan hanya. Babu mai gani. Amma na san gobe shebur zai kwashe shi, motoci su bi ta kan dutsen niƙan Gwaggo. Na mayar da shi na ɗaure.

Da na dawo, Gwaggo ta ji tafiyata tun daga ƙofar gida. A lokacin ba ta gani sam.

"Shekarau ne? Ya kai ina?"

Na durƙusa a gabanta na sa mata ƙunshin a cinya. Ta shafa shi, ta gane nauyinsa kafin ta kwance. Na faɗa mata duka, da itatuwan da aka sare, da shebur, da maganar dattijon lebura. Ta daɗe tana juya dutsen a hannunta.

"Ashe tun ranar shi kaɗai yake."



Washegari da hantsi ta ce in kama mata sanda. Na ja ta muka fita daga gari muka bi hanyar Lugu, mutane na binmu a baya don ba ta fita ko'ina a lokacin. Kafin a kai Mai Gora ta ce in tsaya. Ta lalubi gefen hanya da ƙafa, ta duƙa ta ajiye dutsen niƙan a ƙasa, ta ce, "Sannu da zama, Namata."

Mai gari yana cikin waɗanda suka biyo mu, sa'anta ne, tare suka yi ƙuruciya. Ya matso ya yi magana a hankali.

"Uwar Namata, kin san ba a yin haka. Tsibi ba shi tsayuwa sai da ƙashi a ƙasa. Tun kakanni ba a taɓa tara duwatsu bisa wofi ba."

"Na sani."

"To, mi kike so mutane su gaisar?"

"Ƙashinshi daga jikina ya hito," in ji ta. "In na mutu ku sa ni nan. Sai dai kada a canza mishi suna."

Mai gari ya dubi dattawan da ke bayansa. Daga baya ya duƙa da ƙyar, ya ɗauki tsakuwa ya ajiye kusa da dutsen niƙan.

Ba ta ga kaka ta gaba ba. Muka haƙa a wurin da ta nuna, muka sa ta, muka mayar da dutsen niƙan a sama. Ni na jera duwatsun, manya a ƙasa. Yanzu ya wuce ƙuguna. Fulani masu wucewa da shanu suna jefawa, mata masu zuwa kasuwa suna jefawa, yaran da aka haifa bayan haka sun san wurin da tsibin Namata, suna kuma cewa wani ne da ya tafi Kumasi bai dawo ba. Sunanta babu mai ambata a wurin, haka ta so. Kowa ya zo sai ya jefa dutse ya ce sannu da zama Namata, ita kuma tana kwance a ƙasa tana karɓar masa gaisuwa.